Fashin Baƙi: Ɗalibi ne ko Mai Gida? Marayun 'Yan Gudun Hijira Masu Neman Karatu da Ƙanne a Hannu

Me ya sa yarinyar da ta tsere wa yaƙi da ƙafafunta, ta goyo ƙaninta har ta ƙetare iyakar ƙasa, ta je da kanta ta sa sunanta a makarantar sansani ba wanda ya aike ta, bayan zango ɗaya ko biyu sai a neme ta a aji a rasa?

Tambayar takan taso duk sa'ad da aka fitar da alƙaluman karatun 'yan gudun hijira, kuma amsoshin da ke yawo a bakin mutane ba su da yawa. Masu tausayi su ce talauci ne, a saya mata littattafai da kayan makaranta, shi ke nan. Masu saurin yanke hukunci su ce ai makarantar kyauta ce, abinci ma raba musu ake yi, in ta daina zuwa to dama ba ta da niyya. Sai kuma masu yaɗa labarin saurayin da ya kai jami'a bayan ya raini ƙannensa huɗu a cikin tanti, a yi ta jinjina masa, kamar dai ƙwazo ne sauran dubban suka rasa.

Kowannensu ya taɓo gefen maganar. Amma yaron da ke riƙe da ƙannensa matsayi biyu gare shi a lokaci guda: a wurin malami ɗalibi ne, a wurin mai rabon abinci mai gida ne. An tsara makaranta don yaron da wani ke dafa wa abinci, an tsara rabon agaji don babban da ba ya zuwa aji. Shi kuwa jikinsa ɗaya, yininsa ɗaya, ga shi an ce taura biyu ba ta taunuwa.

Su wa ake nufi?

A Hausa, duk wanda rikici ya raba da gidansa ɗan gudun hijira muke ce masa. Doka kuwa ta bambanta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951, da ƙarin da aka yi mata a 1967, ta keɓe sunan ga wanda ya fita daga ƙasarsa saboda tsoron tsangwama a kan launin fatarsa ko ƙabilarsa, addininsa, asalin ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa ko rukunin jama'ar da yake ciki. A 1969 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta faɗaɗa ma'anar, ta shigo da wanda mamaya ko babban tashin hankali ya kora. Wanda ya gudu amma bai bar ƙasarsa ba yana nan a wuyan gwamnatinsa, kuma in ya sami makaranta, da harshen da ya sani za a koyar da shi, jarrabawar da ya saba zai rubuta. Wanda ya tsallaka iyaka kuwa komai nasa sai an sake shi daga tushe. A ƙarshen 2024, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ta ƙidaya mutum miliyan 123.2 da aka tilasta wa barin gidajensu, miliyan 73.5 daga ciki suna cikin ƙasashensu. Kashi 40 cikin 100 na dukkansu yara ne.

Kalmar maraya ma tana da tata. A fiƙihu, maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga. A lissafin UNICEF, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, duk ɗan ƙasa da shekara 18 da ya rasa uwa, ko uba, ko duka biyun, maraya ne. Shi ya sa adadin ke yin girman da yake firgita mai karatu: a 2015 asusun ya ƙiyasta marayu kusan miliyan 140 a duniya, amma waɗanda suka rasa duka iyayen biyu miliyan 15.1 ne.

Ma'aikatan agaji kuwa ba su cika saurin furta kalmar a sansani ba, kuma suna da hujja. A lokacin gudu ba kowace mutuwa ake gani da ido ba. Uwa ta bi wata hanya, an kama uba, yaro ya ce sun mutu don ya ji harbi a inda ya baro su. Ƙa'idojin da manyan hukumomin agaji suka fitar tare a 2004 sun raba yaran gida biyu: wanda ya rabu da iyayensa amma yana tare da wani babba a dangi, da wanda ba shi da rakiyar kowane babba da ke da alhakinsa. In aka yi gaggawar rubuta yaro a matsayin maraya, ana iya daina neman iyayensa, alhali ƙungiyar Red Cross na da sashe guda na haɗa 'yan uwan da yaƙi ya raba, kuma ana dacewa ko bayan shekaru.

Sai abin da suke kira gidan da yaro ke jagoranta, wato gidan da ɗan ƙasa da 18 ne ke ɗauke da ɗawainiyarsa. Wannan ma'anar ta yi ƙunci. Ta bar 'yar shekara 19 da ke riƙe da ƙanne biyar, ta bar gidan da akwai kaka makauniya ko uwa mai jinya, wanda a takarda yana da babba, a zahiri kuwa yaron ne ke riƙe da babban.

Yadda yaro ke wayar gari da gida a kansa

Yaƙi ne sanadin farko, amma ba kullum a fagensa ake rasa iyaye ba. Wasu a hanya suke faɗuwa. Wasu sai an iso tudun mun tsira kwalara ko haihuwa ta ɗauke su. Wani uban yakan koma ya dubo gona ko gida, shiru. Wata uwar takan tafi birni neman aiki ta ce za ta riƙa aike, aiken ya zo sau biyu ya tsaya. Akwai ma iyayen da da gangan suke turo yara sansani su su tsaya a baya, don sun ji can akwai abinci da makaranta.

Mai karatu zai ce ina dangi? Dangin ma a guje suke. Kawun da a da zai kwashi 'ya'yan ɗan'uwansa duka ba tare da shawara da kowa ba, yanzu shi ma da kati yake karɓar abinci. Abin da yakan faru shi ne a yi rabon yaran: wannan ta ɗauki yarinyar da ta iya aiki, wancan ya ɗauki namijin da zai taya shi nema, ƙaramin da ba abin da zai tsinana ya zama kowa na kallon kowa. Yara da yawa da suka hango haka sukan zaɓi su zauna tare ko da yunwa. An ce babban wa uba, amma masu karin maganar ba ɗan shekara 14 suke nufi ba.

Duniya ta ga wannan da yawansa a Ruwanda bayan kisan ƙare-dangi na 1994, inda aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, aka wayi gari da dubun-dubatar gidajen da yara ke riƙe da su. Kafin nan an ga yaran kudancin Sudan, kimanin 20,000, da suka fara takawa zuwa Habasha daga 1987, manya na ɗauke da ƙanana. Da gwamnatin Mengistu ta Habasha ta faɗi a 1991 aka sake koro su, suka ƙetare kogin Gilo, waɗanda suka rayu suka isa sansanin Kakuma a arewa maso yammacin Kenya a 1992. Daga baya Amurka ta ɗauki kimanin 3,800 daga cikinsu. 'Yan matan da ke cikin waɗanda aka ɗauka ba su kai 100 ba. Dalili kuwa, su mazan an zaunar da su rukuni-rukuni, kowa na ganinsu, sunayensu na cikin jerin marasa rakiya. 'Yan matan kuwa an rarraba su gidaje riƙo, suka shige cikin katin wasu iyalai, suka ɓace daga lissafi. Har yau haka abin yake: yarinyar da ke rainon ƙannenta a ƙarƙashin inuwar wani gida ita ce ta ƙarshe da ake gani.

Firamare haƙƙi, sakandare sai an ga dama

Akwai wani gurbi a cikin dokar kanta da mutane ba su cika lura da shi ba. Sashe na 22 na yarjejeniyar 1951 ya ce a karatun firamare a ɗauki ɗan gudun hijira daidai da ɗan ƙasa. Abin da ya wuce firamare kuwa, cewa aka yi a kyautata masa gwargwadon iko, kada dai a yi masa ƙasa da yadda ake yi wa sauran baƙi. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989 ma a sashe na 28 ta wajabta firamare kyauta ga kowa, da ta zo kan sakandare sai harshenta ya yi laushi.

Alƙaluma sun bi sahun doka. Rahoton ilimi da UNHCR ta fitar a 2024 ya ce cikin yara 'yan gudun hijira miliyan 14.8 da suka isa karatu, kimanin miliyan 7.2 ba sa makaranta. A firamare an sami kashi 65 cikin 100, a sakandare 42, a gaba da sakandare 7. Sakandare ta fi tsada ga mai ginawa, domin kowane darasi da malaminsa, ga ɗakin gwaje-gwaje, ga kuɗin jarrabawa. Saboda haka ba ta da yawa, kuma takan yi nisa. To, su wa ke riƙon ƙanne? 'Yan shekara 13 zuwa 18, daidai shekarun da tsanin ya karye. Ƙannen sun faɗo a matakin da doka ta tsaya musu, yayan ya faɗo a matakin da ta janye jiki.

A ƙarshen 2024, kashi 73 cikin 100 na 'yan gudun hijirar duniya suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, waɗanda 'ya'yansu ma ba su gama samun aji ba. A kuɗin agajin gaggawa kuma, kason ilimi ya daɗe bai kai kashi 5 cikin 100 ba, don ana ganin ciki da magani da matsuguni ne gaba. Tarayyar Turai ce ta ɗaga nata kason zuwa kashi 10 daga 2019, kuma an kafa asusun Education Cannot Wait a 2016 don cike wannan giɓin.

Ko an sami gurbi, saura harshe da manhaja. 'Yan Darfur da ke gabashin Chadi sun yi shekaru goma suna karatu da manhajar Sudan kafin a mayar da su ta Chadi a 2014. Yaran Rohingya da suka kwarara Bangaladash daga Myanmar a 2017, cikin mutum sama da 700,000, ba a ba su damar bin manhajar ƙasar da suka sauka ba. Sai a 2020 aka amince a koyar da su da ta Myanmar, annobar korona kuma ta jinkirta farawa zuwa ƙarshen 2021. Yaro mai iyaye zai iya jiran shekara huɗu yana wasa. Mai ƙanne a hannu, cikin shekara huɗu ya riga ya zama lebura ko matar wani. Ga kuma takardar shaidar ajin da aka kai, wadda ba mai tunawa da ita a daren gudu.

Inda yinin ke ƙarewa

A ɗauki yarinya 'yar shekara 16 mai ƙanne uku, ƙaramin shekararsa 3. A ce an warware mata duk abin da aka lissafa a sama: ga gurbi, ga littafi, ga harshen da take ji.

Kafin a buga ƙararrawa sai ta bi layin ruwa, domin a sansanoni da yawa famfo na da sa'o'insa, wanda ya makara ya yini da tulu a bushe. Ta hura wuta, ta wanke yara, ta sallami biyun da suka isa firamare. Saura ƙaramin. In ta tafi da shi aji ya yi kuka, malamin da ke fama da cunkoson ɗalibai ya ce ta fita da shi. In ta bar shi wurin maƙwabciya, bashi ta ci, kuma da wanki ko ɗebo itace za ta biya. In ta ce ƙanwarta mai shekara 9 ta zauna da shi, ta sayi nata karatun da na ƙanwarta ke nan. Mafi yawa ba sa iya wannan cinikin. Sai su zauna su, ƙanwar ta tafi.

Sai ranar rabo. Katin abinci da sunanta yake a matsayin mai gida, kuma a wurare da yawa sai an ɗauki hoton yatsa ko na ido kafin a ba da kaya, saboda haka aike ba ya yi. Rabon a ranakun aiki ake yin sa, wato ranakun makaranta. Haka sabunta rajista, haka layin asibiti in zazzaɓi ya kama ɗaya daga cikin yaran, kuma a gidan da ke da ƙanana uku da wuya wata ya wuce ba a kwana da mai zafin jiki ba. Kowane ofishi na ganin yini ɗaya kawai ya ɗauka daga gare ta. Ba wanda ke zaunawa ya haɗa jimillar.

Abincin da ake bayarwa kuma ba ya kai ƙarshen wata, balle ya zama sabulu, takalmi, fitila ko audugar mata. Dole a sayar da wani abu daga ciki, ko a nemi aikatau, ko ƙwadago a gonar wani. Da dare, lokacin da ɗalibi ke bitar darasi, ita tana sauraren motsi ne, domin ƙofar tanti ba ta kulluwa, kuma duk unguwa an san gidan da ba babba. Masu kawo taimako da wata manufa ba sa ɓata hanya. Daga nan ne aure ke shigowa da kamannin mafita, musamman in manemin ya yi alkawarin riƙe ƙannen. Namiji kuwa ƙwadago ke janye shi, ko masu ɗaukar mayaƙa, ko masu safarar mutane da ke yi masa romon baka cewa in ya ƙetare hamada ko teku zai riƙa aiko wa ƙannensa.

Barin makaranta ba ya zuwa rana ɗaya. Fashin kwana biyu ne a mako, sai lissafi ya wuce ta, domin darasin yau a kan na jiya yake zaune. Sai faɗuwa jarrabawa, sai maimaita aji, sai ta tsinci kanta a benci ɗaya da sa'o'in ƙaninta, wani lokacin ma da ƙanin nata. Wadda a gida ake ce wa Yaya, ake jiran ta raba abinci ta raba faɗa, a aji yara na yi mata dariya don ta kasa karanta jimla. Kunya na korar ɗalibai fiye da yadda rahotanni ke iya aunawa. Ƙari a kan haka, ita ba ta yi makokin iyayenta ba. Tun ranar da abin ya faru ita ke rarrashi.

Ni kam abin da ke ba ni mamaki a labaran irin waɗannan yara shi ne yawan komawar da suke yi. A bari, a dawo, a sake bari, a sake dawowa. Wanda ya ce ba su da niyya bai ƙidaya sau nawa suka sake rubuta suna ba.

A raba su ko a bar su tare?

Nan ne masu kishin yaran kansu suka rabu. Ɓangare na farko na cewa yaro yaro ne, ɗora masa gida zalunci ne ko da shi ya nema. A kai ƙananan gidan marayu, babban ya sami sarari ya yi karatu. Maganar na da daɗin ji, kuma masu ba da sadaka na son ta, don gini abu ne da ake gani a ɗauki hotonsa. Sai dai bincike bai goyi bayanta ba. A Bukares ta Romaniya, daga shekarar 2000, masana sun bi yara 136 da ke gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi waɗanda aka bari ci gaban ƙwaƙwalwa da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2. Akwai kuma wata illar da aka sha gani a wuraren rikici: da zarar an buɗe gidan marayu mai abinci da makaranta, sai iyaye matalauta su fara kawo 'ya'yansu suna cewa marayu ne. Gidan da aka gina don rage rabuwa sai ya ƙara ta.

Ɓangare na biyu na ganin riƙo a hannun iyali shi ne daidai, dangi ne ko maƙwabta. A mafi yawan lokuta haka ɗin ne, in an dace da mariƙi. Matsalar ita ce gidan da zai karɓi yara huɗu a tare yana da wuyar samu, kuma katin abincin yaran kansa na iya zama abin kwaɗayi. Yarinyar da aka karɓa riƙo ta koma 'yar aiki, 'ya'yan gida na tafiya makaranta ita tana wanke-wanke, ba baƙon labari ba ne a ko'ina.

Na uku su ne masu cewa in babban ya kai wani munzali kuma yana so, a bar su tare, a kewaye su da tallafi. Ƙa'idojin kula da yaran da ba sa hannun iyayensu, waɗanda Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi na'am da su a 2009, sun ce kada a raba 'yan uwa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma sun yarda a tallafa wa waɗanda suka zaɓi zama tare, da sharaɗin a kare haƙƙin shi babban na karatu da hutu. Afirka ta Kudu, wadda cutar ƙanjamau ta bar wa marayu masu yawa, ta sa abin a dokarta ta yara: ana iya amincewa da gidan da ɗan shekara 16 ko fiye ke riƙe da shi, a naɗa babban da zai riƙa sa ido. Masu suka na cewa wannan halatta sakaci ne, gwamnati ta sauke nauyinta a kan yaro ta kira shi 'yanci. Suna da gaskiya a duk inda aka amince da gidan aka manta da tallafin, kuma hakan na faruwa da yawa.

A ganina, na ukun ya fi kusa da abin da yaran ke zaɓa da kansu, amma sharaɗin nan na karatun babban shi ne ake fara yarwa. Jami'i ya zo duba gida, ya ga ƙanana sun yi wanka, suna zuwa makaranta, ba mai rama, sai ya rubuta cewa gidan na tafiya daidai. Wadda ta sa ya tafi daidai ɗin tana tsaye a gefe, ba a tambaye ta rabonta da aji ba.

Abin da aka gwada

Karatun gaggawa na daga cikin abin da ya fi dacewa da su. Shiri ne na 'yan shekara 10 zuwa 18 da karatu ya wuce, ana dunƙule musu shekarun firamare. A Yuganda, alal misali, ana haɗe azuzuwa bakwai a matakai uku, ɗalibi ya zauna da sa'o'insa, ya rubuta jarrabawar ƙasa a ƙarshe. Wannan ya yi maganin kunya da tsawon shekaru. Ajin yamma ma na taimakawa. Labanan ta buɗe zango na biyu da rana a makarantun gwamnati don yaran Siriya. Tallafin kuɗi na rage buƙatar ƙwadago, kamar yadda Turkiyya ta shigar da yaran 'yan gudun hijira cikin shirinta na biyan iyalai daga 2017. Amma shirin da ya gindaya sharaɗin zuwa aji a kai a kai yana iya kuskure wanda ya fi kowa buƙata, tunda mai raino shi ne sarkin fashi.

Abin da ya fi taɓa asalin ciwon ba ya ma kama da aikin ilimi: wurin ajiye ƙananan yara kusa da makaranta a sa'o'in darasi, abincin rana a makaranta don a rage girki ɗaya, layi na musamman ko wakili amintacce ranar rabo, fitila mai aiki da hasken rana, ƙofa mai sakata. A Ruwanda, ƙungiyar CARE ta gudanar da shirin Nkundabana, inda yaran da ke riƙe da gidaje ke zaɓar babba da kansu daga cikin unguwa, a horar da shi, ya riƙa leƙo su, ya tsaya musu a gaban hukuma ko dangi masu son cinye musu gado. Zaɓin da aka bar wa yaran shi ne ƙarfin shirin, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga ƙalilan da suka haye sakandare akwai tallafin karatun jami'a na DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta fara ɗaukar nauyinsa a 1992, kuma UNHCR na da burin kai matasa 'yan gudun hijira kashi 15 cikin 100 manyan makarantu nan da 2030. Sai dai jami'a a birni take, gurbin kuma na mutum ɗaya ne. Ranar da takardar samun gurbi ta iso, tambayar da aka fara da ita a ƙofar aji ta dawo da girmanta: wa za a bar wa yaran?

Idan kuɗin ya janye

A 2017 ƙasashen gabashin Afirka sun rattaba hannu a Jibuti cewa za su shigar da 'yan gudun hijira makarantun gwamnatocinsu, a 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar raba nauyin 'yan gudun hijira a tsakanin ƙasashe. Manufar ita ce ɗan baƙo da ɗan gari su zauna aji ɗaya, masu kuɗi su taimaka a faɗaɗa ajin. In kuɗin ya zo, ɗan gari ma ya ci riba, don ƙauyen da bai taɓa ganin sakandare ba yakan samu albarkacin baƙi. In bai zo ba, aji ya cika ya batse, malami ya gaji, iyayen gari su fara ganin baƙi ne suka lalata wa 'ya'yansu karatu.

A 2025 aka ga ɓangaren na biyu. Amurka da wasu manyan masu bayarwa sun zaftare agajin ƙetare. A Yuganda, Hukumar Abinci ta Duniya ta cire kusan mutum miliyan ɗaya daga jerin masu karɓar abinci. A sansanonin Rohingya an rufe cibiyoyin karatu masu yawa. Gidan da ke da uwa da uba yana da hannaye huɗu da za su nemo abin da aka rage. Gidan da yarinyar nan ke riƙe da shi hannu biyu gare shi, kuma su ne ke riƙe da alƙalami.

Akwai kuma ranar da ba ta buƙatar wani ya yanke kasafi. Ranar da ta cika 18, fayil ɗinta ya tashi daga ofishin kare yara, jami'ar da ke leƙo su ta koma kan wasu, shirin karatun gaggawa ya ce shekarunta sun wuce, gidan kuma ya fita daga jerin gidajen da yara ke jagoranta, ya shiga sahun gidajen da ke da babba. A ranar, ƙaramin ƙanin nata shekararsa 5. Saura shekara guda a karɓe shi a firamare.